Farautar wuta mai araha: yadda manyan cibiyoyin bayanai ke rage kuɗin lantarki, da wanda ke biyan ragowar

A watan Yunin 2025, gidaje a jihohi da dama na gabashin Amurka sun ga kuɗin wutarsu ya ƙaru, kuma cikin dalilan da aka ba su har da cibiyoyin adana bayanai. A wannan watan dai jihar Texas ta kafa dokar da ta ba da damar a tilasta wa sababbin manyan masu jan wuta su rage ko su kashe idan layin wutar jihar ya shiga matsi. Zuwa Agusta, Google ya sanar da cewa ya amince da kamfanonin wuta biyu zai riƙa sassauta wasu ayyukan ƙirƙirarriyar basira a lokacin da jama'a suka fi buƙatar lantarki. Su kuwa kamfanonin fasaha na ta nanata cewa ba su taɓa tsimin wuta irin na yanzu ba.

Mai bin labaran zai iya rasa inda zai kama. Idan ana tsimi, me ya sa kuɗin jama'a ke hawa? Idan kuma kamfani na da cibiyoyi a ƙasashe goma, me zai hana shi kwashe aikinsa zuwa inda wuta ta fi sauƙi?

## Mece ce cibiyar bayanai, kuma ina wutar ke tafiya?

Cibiyar bayanai gini ne da aka cika da kwamfutoci marasa allo, waɗanda ake kira sabar, an jera su a kantoci na ƙarfe suna aiki dare da rana. Duk saƙon WhatsApp, bidiyon YouTube ko tura kuɗi ta manhajar banki sai ya ratsa ta irin wannan gini. Manyan kamfanoni kamar Amazon, Microsoft, Google da Meta ba su tsaya a gini ɗaya ba. Kowanne na da jerin cibiyoyi a nahiyoyi daban-daban, an haɗa su da wayoyin faiba.

Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin nan sun sha kimanin yunit biliyan 415, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa a gida. Wannan kusan kashi 1.5 cikin 100 ne na wutar duniya, kuma hukumar na hasashen zai kai yunit biliyan 945 nan da 2030, wato ya ɗan zarce abin da ƙasar Japan ke sha a shekara. A ma'aunin duniya kason bai taka kara ya karya ba. Matsalar ita ce cibiyoyin na taruwa a 'yan wurare ƙalilan. A Ireland sun sha kashi 5 cikin 100 na wutar da mita ta ƙirga a 2015. Zuwa 2023 sun kai kashi 21.

Wutar da ke shiga ginin gida biyu take rabuwa. Akwai wadda kwamfutocin ke amfani da ita, akwai wadda ke tafiya wajen sanyaya su da wadda ke zurarewa a taransifoma da batura. Ma'aunin da ake kira PUE, wanda ya shigo a 2007, shi ke nuna wannan: ana raba dukkan wutar ginin da wadda ta isa ga kwamfutoci. Idan ya nuna 1.5, ke nan kowane yunit ɗaya na aiki na jan ƙarin rabin yunit. Binciken da cibiyar Uptime ke yi duk shekara ya nuna matsakaicin ya sauko daga 2.5 a 2007 zuwa kusan 1.56 a 2024, kuma ya daɗe yana cije a nan. Google na cewa nasa na kusa da 1.1. Ma'anarsa, manyan kamfanoni sun riga sun matse kusan duk abin da za a iya matsewa a cikin gini. Saura abin da ke waje: farashin yunit ɗin kansa.

## Wuta iri ɗaya, farashi daban-daban

Wanda ya saba da farashin da hukuma ke yankewa na watanni zai yi mamakin yadda kasuwar sari ta lantarki ke tafiya a Amurka da Turai. A Texas da yankin gabas da kamfanin PJM ke kula da shi, farashi na sauyawa duk minti biyar, kuma yana bambanta daga wannan mahaɗar layukan wuta zuwa waccan. Dalili kuwa lantarki ba ya ajiyuwa da yawa cikin sauƙi, sannan manyan layukan da ke ɗaukarsa na da iyaka. Idan iska na kaɗawa da dare a yammacin Texas kuma layi ya cika, farashi kan faɗi ƙasa da sifili, mai samar da wuta ya biya a karɓa. A guguwar sanyi ta Fabrairun 2021 kuwa, yunit dubu ɗaya ya kai dala 9,000 a wannan jihar. A Kalifoniya, a 2024 kaɗai an hana wutar rana da ta iska kimanin yunit biliyan 3.4 shiga layi saboda babu mai karɓa a lokacin da aka samar da ita.

Akwai kuma wani ɓangare na takardar kuɗin manyan masana'antu da ba a san shi a gidaje ba. Bayan kuɗin yunit, ana cajin su bisa mafi girman jan da suka yi. A Texas, kason da babban mai amfani zai biya na kuɗin manyan layuka ya danganta ne da abin da ya ja a minti 15 da buƙatar wuta ta duk layin jihar ta fi tsanani a kowane wata daga Yuni zuwa Satumba. Sa'a ɗaya ke nan a shekara. Wanda ya iya hasashen waɗannan mintuna ya rage jansa a cikinsu, ya rage kuɗin shekara guda.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman abin. Cibiyar da ke jan megawat 100 ba tsayawa tana shan yunit miliyan 876 a shekara. Bambancin santi ɗaya na dala a kan kowane yunit ya zama dala miliyan 8.76.

## Kai aiki inda wuta take

Makiyayi ba ya ɗora wa kansa kawo ciyawa daga nesa idan zai iya kora garke zuwa inda take. Tunanin da ke bayan wannan fanni ke nan: ɗaukar lantarki daga Oregon zuwa Virginia na buƙatar layukan da ake shafe shekaru goma ana neman izinin gina su, amma tura aikin kwamfuta tsakanin wuraren biyu bai kai ƙiftawar ido ba.

Binciken da ya fito da batun fili ya zo ne a 2009, daga Asfandyar Qureshi da abokan aikinsa na jami'ar MIT, da jami'ar Carnegie Mellon da Akamai, kamfanin da ke isar da bayanan intanet ga masu amfani. Sun ɗora bayanan zirga-zirgar intanet na Akamai a kan tarihin farashin lantarki na kasuwannin Amurka, suka gano cewa farashin yankuna ba ya hawa da sauka tare, don haka babban kamfani zai iya tsimin miliyoyin daloli a shekara idan yana karkata buƙatun masu amfani zuwa cibiyar da ta fi araha a kowace sa'a. Sai dai sun gindaya sharaɗi mai nauyi: dole cibiyar da aka janye wa aiki ta rage shan wuta da gaske.

A lokacin, nan gizo ke saƙar. Injiniyoyin Google biyu, Luiz Barroso da Urs Hölzle, sun nuna a 2007 cewa sabar da ke kunne ba ta aikin komai na shan kusan rabin abin da take sha idan aiki ya cika mata hannu. Idan haka ne, janye aiki daga wuri mai tsada ba ya rage kuɗi sosai, tunda injin na nan yana zuƙar wuta. Na'urorin yanzu sun fi na da iya rage ja idan ba aiki, kuma manhajoji na iya tattara ayyuka a kan 'yan sabar su kwantar da sauran, shi ya sa dabarar ta fi tasiri yau fiye da ranar da aka fara rubuta ta.

Ayyukan cibiya ba iri ɗaya ba ne, kuma fahimtar wannan ita ce mabuɗin batun. Wanda ya danna bincike ko ya kira ɗan'uwansa ta bidiyo yana son amsa nan take. Amma sarrafa bidiyon da aka ɗora, ƙara kalmomi a manhajar fassara, yin kwafin ajiya na dare, ko horar da ƙirƙirarriyar basira, duk suna iya jiran 'yan sa'o'i ba wanda ya ankara. Irin waɗannan ake sauya wa lokaci ko wuri. Google ya fara sauya lokacin ayyuka a 2020, ya ƙara da sauya wuri tsakanin cibiyoyi a 2021. Manufar farko ita ce bin wuta mai tsafta. Da Turai ta shiga ƙuncin makamashi a hunturun 2022 zuwa 2023 bayan mamayar Ukraine, sai kamfanin ya yi amfani da tsarin nan wajen rage ja daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 9 na dare a cibiyoyinsa na Netherlands, Belgium, Ireland, Finland da Denmark.

A aikace abin na tafiya ne kamar haka. Kwana ɗaya kafin lokaci, tsarin na karɓar hasashen farashi ko na matsin layi a kowane yanki, ya yanka wa kowace cibiya iyakar abin da za ta ja a kowace sa'a. Idan ƙarfe 6 na yamma ta yi a Virginia, mutane sun dawo gida sun kunna na'urorin sanyaya ɗaki, a Oregon ƙarfe 3 ne, a Dublin kuwa 11 na dare. Aikin da bai da gaggawa sai a riƙe shi a layi har dare ya tsala, ko a tura shi inda rana ke tsakiya da wutarta.

## Abubuwan da ke ɗaure wa aikin ƙafa

Na farko nisa ne. Haske a cikin faiba na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka kowane kilomita 1,000 na ƙara kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a zuwa da dawowa. Ga mai kallon bidiyo ba komai ba ne. Ga masu cinikin hannun jari ko wasan kwamfuta kai-tsaye, babban abu ne. Na biyu nauyin bayanai: aikin da ke buƙatar tarin bayanan da ke ajiye a wuri ɗaya ba ya ƙaura sai da su, kuma kwashe su na cin kuɗi da wuta. Na uku doka. Tun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, kuma ƙasashe da yawa na son bayanan gwamnati da na bankuna su zauna a gida.

Na huɗu ya fi su duka nauyi a yanzu, kuma ba a cika ambatonsa ba. Kafin a tura aiki wata cibiya, sai an sami injin da ke zaune a can yana jira. Na'urar H100 ta kamfanin Nvidia, wadda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita, na jan wat 700, kuma rahotanni sun nuna ana sayar da ita sama da dala 25,000. Ko da ba a kashe ta ba tsawon shekara, yunit kusan 6,100 za ta sha, wanda a kan santi 8 bai kai dala 500 ba. A ninka shi don sanyaya da sauran kayan da ke tare da ita, har yanzu bai kama ƙafar kuɗin sayenta ba, ga shi kuma cikin 'yan shekaru sabuwa za ta fito ta rage mata daraja. Saboda haka barin irin wannan na'ura ta yi zaman banza don gudun wuta mai tsada asara ce a mafi yawan sa'o'i.

Sannan ba kowace cibiya ce ke jin sauyin farashin sa'a-sa'a ba. Da yawa na saye ne a tsayayyen farashi daga kamfanin wutar yankinsu, ko kuma suna haya a ginin wani, inda mai ginin ne ke biyan wuta alhali ɗan haya ne ke da iko da aikin.

## Tsimin da ake yi tun kafin a kafa tubali

Idan aka auna da kuɗi, zaɓen wurin gini da dogon ciniki sun fi kai-kawon sa'a-sa'a tasiri. Facebook ya buɗe cibiya a Luleå da ke arewacin Sweden a 2013 saboda sanyin yankin da wutar madatsun ruwa. Google ya sayi tsohuwar masana'antar takarda a Hamina ta Finland a 2009, yana sanyaya kwamfutocinsa da ruwan teku ta ramin da masana'antar ta bari. Ƙasar Sin ta mai da abin manufar gwamnati a Fabrairun 2022: manyan matattaru takwas na cibiyoyin bayanai, da nufin ayyukan da ba na gaggawa ba su bar biranen gabas su koma yankuna kamar Guizhou, Gansu, Ningxia da Mongoliya ta Ciki, inda fili da wuta suka fi sauƙi.

Sai yarjejeniyoyin sayen wuta na shekaru masu yawa. A Satumban 2024 Microsoft ya ƙulla ta shekara 20 da kamfanin Constellation don farfaɗo da rukuni na ɗaya na tashar nukiliyar Three Mile Island da ke Amurka, mai megawat 835. Irin wannan ciniki ba lalle ya fi na kasuwa araha ba. Abin da ake saye shi ne tabbacin samun wutar.

Wani lokaci kuma ƙaura dole ce, ba zaɓi ba. Singafo ta dakatar da sababbin cibiyoyi daga 2019 zuwa 2022, sai masu zuba jari suka tsallaka mashigin ruwa zuwa jihar Johor ta Malesiya.

## Araha daban, tsafta daban

Inda rana ko iska ke karya farashi, bin araha na rage hayaƙi mai ɗumama yanayi. Inda kuwa tashar kwal ce ke ba da wuta mai sauƙi da tsakar dare, bin araha ƙara hayaƙin yake yi. Haka batun ruwa: sanyaya ta hanyar tururin ruwa na rage lantarki amma yana shan ruwa. A garin The Dalles na Oregon, bayanan da aka fitar bayan taƙaddama a kotu sun nuna cibiyoyin Google sun sha fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan garin a 2021. PUE mai kyau ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

## Wa ke biyan ragowar?

PJM na kula da layin jihohi 13 da birnin Washington, ciki har da arewacin Virginia, inda cibiyoyin bayanai suka fi taruwa a duniya. Yana yin gwanjo don biyan tashoshin da za su kasance a shirye a ranar da buƙata ta kai ƙololuwa. Farashin ya tashi daga dala 28.92 kan kowane megawat a rana zuwa dala 269.92 na shekarar da ta fara a Yunin 2025, sannan ya kai dala 329.17 a gwanjon da ya biyo baya. Wannan kuɗi a takardar kowa yake sauka, har da gidaje da ƙananan shaguna.

Mai sa ido mai zaman kansa a kan kasuwar ya ɗora kaso mafi tsoka na hauhawar a kan buƙatar cibiyoyin bayanai, wadda ake da ita da wadda ake hasashe. Ƙungiyoyin kare masu saye na cewa idan babban kamfani ya kauce wa mintunan da ake auna kuɗin layi, kuɗin bai ɓace ba, an raba shi ne a kan waɗanda ba su iya kaucewa. Masu cibiyoyin bayanai kuwa na amsawa da cewa rufe tsofaffin tashoshi, jinkirin haɗa sababbi da layi, da sauya ƙa'idojin gwanjon duk suna da hannu, kuma babban mai saye da ke jan wuta dare da rana na taimakawa wajen raba kuɗin kayan aikin da aka riga aka gina. Kowane ɓangare na da hujja. Abin da ke raba gardama a kowane yanki shi ne ko layin na da sarari ko kuwa sai an gina sabo saboda baƙon.

Akwai ra'ayi na uku da ke ƙara samun karɓuwa. Wani nazari na jami'ar Duke da ya fito a Fabrairun 2025 ya ƙiyasta cewa layukan Amurka za su iya ɗaukar ƙarin kusan megawat 76,000 ba tare da sababbin tashoshi ba, idan sababbin masu jan suka yarda su rage abin da bai wuce kashi 0.25 cikin 100 na jansu na shekara ba, a sa'o'in matsi. Nan ne lissafin H100 ke juyawa. Dakatar da aiki kullum don santi ɗaya ba riba, amma dakatar da shi na 'yan sa'o'i a shekara don a sami haɗi da layi shekaru kafin abokin hamayya riba ce babba. Da alama wannan, fiye da farashin yunit, shi ke jan kamfanoni zuwa teburin ciniki yanzu. Masu shakka na tambayar ko alkawarin zai tabbata ranar da aka buƙace shi, da kuma ko ragewar na nufin kunna janaretocin dizal a bayan gidajen mutane.

Hukumomi sun fara rubuta amsarsu. Dokar Texas ta shafi sababbin masu jan megawat 75 zuwa sama. A Ohio, hukumar kula da kamfanonin wuta ta amince a Yulin 2025 cewa sababbin manyan cibiyoyi a yankin kamfanin AEP su biya aƙalla kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da suka nema a tanadar musu, har shekara 12, ko sun yi amfani da shi ko ba su yi ba. Jamus ta bi ta wata hanya: dokarta ta 2023 ta ce cibiyar da ta fara aiki daga Yulin 2026 kada PUE ɗinta ya wuce 1.2.

## Ga mai amfani a Afirka ta Yamma

Amazon, Microsoft da Google duk sun kafa manyan cibiyoyinsu na farko a nahiyar ne a Afirka ta Kudu, tsakanin 2019 da 2024, kuma yawancin manhajojin da ake amfani da su a Kano, Yamai ko Kumasi daga Turai ake ba su amsa. Wayar faiba ta ƙarƙashin teku ta MainOne daga Fotugal zuwa Legas ta kai kilomita 7,000, don haka akwai jinkirin da ba fasahar da za ta goge. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna da dama a Najeriya da Ghana sun tsaya. Wannan shi ne ɗaya fuskar ajiye aiki a nesa.

Dabarar bin farashi sa'a-sa'a ba ta da gurbi sosai a Najeriya, inda hukuma ke yanke farashi, kuma cibiyoyin Legas ke dogaro da injinansu na gas da dizal. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kan yunit. Ƙaramin kamfanin da ke hayar sabar a waje kuwa yana da zaɓi irin na manya a ƙaramin ma'auni: farashin haya ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma Amazon na sayar da rarar injinansa da rangwamen da kan kai kashi 90 cikin 100, bisa sharaɗin zai iya karɓe su da gargaɗin minti biyu. Aikin da zai iya jira ko a sake fara shi ne kaɗai ya dace da wannan ciniki. Manhajar biyan kuɗi ba ta ciki.